Inna Ta Hargitsa Ɗakinta

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hauwa da yara. Yaya aiki, yaya zaman ƙasar mutane? Mu nan Gwandu sai godiya.

Albishir zan yi maka. Tun da ciwon nan ya kwantar da Inna, ɗakinta tsaf yake. Yadda na jera kaya kafin in koma makaranta Kalgo, haka nake tarar da su ranar Juma'a. Tsabtar nan tsoro take ba ni.

A satin nan malamin Turanci ya koya mana kalmar da ake faɗa da Turanci idan mutum ya hargitsa wuri. Ya ce yawanci cikin faɗa ake faɗarta, ga yaro ko mai sakaci.

Jiya da na dawo, sai na ga zannuwa a ƙasa, kwanuka a buɗe, akwatinta a kife kan gado. Na zaci ɓarawo ya shigo. Ashe Inna ce ta sauko da ƙafafunta, ta tono hular da ta fara ɗinka maka. Tana zaune a tabarma, tana zura zare a allura da hannun nan da a da ya ƙi motsi.

Ta ce, "Ke Hadiza, wa ya sa ki jera mini kaya kamar na wadda ta mutu?"

Ban gyara ba, Yaya. Har yanzu haka ɗakin yake.

A ci gaba da yi mata addu'a. Ka gaida kowa. Ta ce ka aiko da awon kanka, wai ta ji ka yi ƙiba.

Ƙanwarka,
Hadiza