Kalma Ɗaya a Gaban Alƙali

Sabon Gari, Wudil,
10 ga Maris, 1956.

Zuwa ga matata Murja,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, kuma jikin Inna ya yi sauƙi. Yaya ƙafar tata? Tana iya takowa tsakar gida yanzu? Ki gaishe ta ƙwarai, ki gaida Baba da duk mutanen Ringim. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafi da ya kankama.

Bayan haka, ki karanta wannan takarda da kanki, ko da za ki yini kina haɗa baƙi. Kada ki ba kowa ya karanta miki.

Yaya Gwadabe ya dawo ranar Talata, shi kaɗai. Matarsa Barakatu ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko rabin hanyar Makka ba su kai ba. Zazzaɓi ya kama ta bayan sun wuce Yerwa, suka sauka a Dikwa, ya yi jinyarta wajen wata biyu a gidan wani Babarbare, can aka binne ta. Abokan tafiya sun yi ta ba shi haƙuri ya ci gaba, ya ce musu ya ci gaba da wa? Da ya tsaya a ƙofar ajinmu na yaƙi da jahilci ban gane shi ba sai da ya yi magana. Murja, mutumin da ke jan koma shi kaɗai a Kogin Wudil, yanzu rigarsa rataye take a kafaɗarsa kamar an shanya ta a igiya.

Na sauke shi a shagonmu na waje. Maƙwabta na aiko da tuwo, ba ya wuce loma uku. Kullum da hantsi sai ya saɓa sandarsa ya tafi tsohon gidansa, ya zauna a gindin katanga daga waje, ba ya sallama, ba ya shiga. Kin dai san gidan ya zama na Alhaji Ƙasimu mai gyaɗa tun kakar da ta wuce, kina nan aka sayar. Jiya na bi shi don in dawo da shi, ya nuna mini reshen lalle da ya leƙo ta kan katanga, ya ce ita ta shuka shi shekarar da aka kawo ta. Shekara ashirin da biyu suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba, ba shi da abin da zai duba ya tuna ta sai gidan nan.

Ki yi mata addu'a. Na san yadda ta riƙe ki kamar ƙanwa tun ranar da aka kawo ki.

Wassalam. Mijinki mai ƙaunarki,
Haladu.


Sabon Gari, Wudil,
25 ga Maris, 1956.

Zuwa ga Murja,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ta hannun direban motar gyaɗa, na ji daɗin labarin sauƙin Inna. Allah ya ƙara afuwa. Na isar wa Yaya ta'aziyyarki, ya ce Allah ya yi miki albarka.

Murja, ina cikin wani hali, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Yaya ya je wa Alhaji Ƙasimu da maganar a mayar masa da gidan, ya mai da kuɗin. Alhaji bai ƙi kai tsaye ba. Ya ce ya riga ya sa tsohuwarsa a ɗakin Barakatu, makauniya ce, da ƙyar ta saba da wurin, amma a bari damina ta wuce a sake zama. Yaya ya ɗauki maganar damina a matsayin kora da hali. Ya fito ransa a ɓace, wasu 'yan zaman bakin kasuwa suka tare shi da shawara. Suka ce ai abu mai sauƙi ne, ya ce jingina ya bayar ba sayarwa ba, tunda mai jingina duk ran da ya kawo kuɗi dole a ba shi abinsa. Shi ke nan ya kai ƙara gaban alƙali. Da sammaci ya iske Alhaji a rumfarsa gaban mutane, ya yi rantsuwa tunda an mai da shi maci amana, ko tubali ɗaya na gidan ba zai bayar ba.

Kin tuna ranar cinikin? Ke kika dama furar da aka sha. Mu biyu ne shaidu, ni da Maikano dillali. To, Maikano sanƙarau ya ɗauke shi watan jiya. Mai unguwa kuwa bayan an gama aka je aka sanar da shi, bai ji da kunnensa ba. Saura ni. Takardar ma ni na rubuta ta da hannuna, suka dangwala yatsa. Yaya ya gaya wa alƙali shi bai san boko ba, bai san abin da aka rubuta ba. Alƙali ya ce takarda ba ta da baki, sai wanda ya rubuta ta ya zo ya faɗi abin da ya ji.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ne na roƙe shi a ranar ya bar abin a jingina. Na ja shi gefe, na ce Yaya tafiya ba a san abin da ke cikinta ba. Ya ce a'a, shi ba zai je ɗakin Allah da igiya a ƙafa ba, watakila ma can za su zauna har mutuwa. Alhaji da kansa ya ce ya ba shi kwana uku ya yi shawara. Yaya ya ce ya gama shawara.

Shekaranjiya bayan La'asar ya ce in raka shi bakin kogi. Muka zauna kan wani kifaffen kwalekwale. Can ya ce, "Kalma ɗaya ce nake nema a wurinka. Ba cutarsa zan yi ba, kuɗinsa zan ba shi cif. Me zai rasa?" Na ce Yaya, Alƙur'ani za a ajiye. Ya ce, "Ranar da mahaifinmu ya rasu kana da shekara shida. Wa ya goya ka? Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ni makarantar allo, shi ya bar ni na je elementare duk da surutun dangi, da kifin hannunsa aka yi lefenki. Bai taɓa goranta mini ba sai ranar. Kuma na ga a fuskarsa ya ji ciwon faɗin haka fiye da yadda na ji.

Na je wurin Alhaji Ƙasimu a ɓoye, na durƙusa masa. Ya ce da Yaya ya yi haƙuri da an daidaita, amma yanzu in ya saki gidan, garin nan kaf cewa za a yi da ma cin amanar ya so yi. Na je wurin limamin unguwarmu ko zai samo mini wata ƙofa. Ya ce ko in faɗi abin da na ji, ko in ɗauki alhaki, ɓoye shaida ma laifi ne, babu ta uku. An sa ranar Litinin ta sama. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaida Inna da Baba.

Naki,
Haladu.


Sabon Gari, Wudil,
4 ga Afrilu, 1956.

Zuwa ga Murja,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Inna, ina sanar da ke an yi shari'ar.

Har na shiga zauren alƙali ban san abin da zan faɗa ba, wallahi. Yaya yana zaune a dama, Alhaji a hagu, ni aka durƙusar a tsakiya. Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Da ya ji ni ƙanen mai ƙara ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya dube ni ya daɗe, sannan ya shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsinke ƙaya daga ƙafa.

Ya tambaya ko gidan na Yaya ne shi kaɗai, ko akwai gadon wani a ciki. Na ce nasa ne, shi ya gina. Ko yana cikin hankalinsa a ranar, ko wani ya tilasta shi. Na ce lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya tilasta shi. Ko an zaga an nuna iyaka. Na ce an zaga, daga rijiya har turken akuya. Ko an yanke kuɗi an ambace shi, an kuma biya. Na ce fam goma sha takwas, a gabana aka miƙa. Duk wannan ba wuya, don Yaya ma bai musa ba.

Sai ya ce, to da Alhaji ya taya, me ɗan'uwanka ya ce? Ya ce kada in ba shi ma'ana, lafazin yake so.

Na duba Yaya. Bai dube ni ba, tabarma yake kallo, yana murza bakin rigarsa.  Na ce, cewa ya yi, "Na sallama, na sayar maka, Allah ya sa albarka." Na ce Alhaji kuma ya amsa masa da, "Na saya." Alƙali ya ce, an yi sharaɗin in ya dawo za a mayar masa? Na ce ba a yi ba. Ya ce takardar fa, ka karanta masa? Na ce sau biyu.

Aka ba Alhaji rantsuwa don ta cika shaidata, ya rantse. Alƙali ya ce ciniki ya ƙullu tun ranar da wannan ya ce ya sayar wancan ya ce ya saya, ba mai warware shi sai yardar su biyun. Ya yi wa Yaya nasiha mai taushi, ya ce ya san baƙin ciki ne ya kawo shi ba mugunta ba, don haka ba zai hore shi ba. Ya ce wa Alhaji in wata rana ya ga dama ya yarda a warware, Allah yana son haka, amma ba dole.

Da muka fito na bi bayansa ina cewa Yaya, Yaya. Ya tsaya, ya juyo, ya ce, "Ka yi daidai, Malam Haladu." Murja, tunda nake bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta, ko a gaban ɗalibaina. Da ma mari ya yi mini.

A ranar ya kwashe shimfiɗarsa daga shagonmu ya koma rumfar masunta. Na aika da abinci an dawo da shi a rufe. Mutane na ta yaba mini a hanya, wai na yi abin maza. Ji nake kamar in toshe kunne.

Ki gaida kowa. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Mijinki,
Haladu.


Sabon Gari, Wudil,
21 ga Afrilu, 1956.

Zuwa ga Murja,

Gaisuwa mai yawa, da barka da shan ruwa. Yaya ibada, yaya mai jiki? Na ga abin da kika rubuto, cewa da na yi ƙarya da ba za ki iya haɗa ido da ni ba. Na gode. Na karanta ya fi sau goma, amma ban ji sanyin da kika so in ji ba.

Ranar Laraba Alhaji Ƙasimu ya zo har gida. Fushinsa ya sauka. Ya ce azumi ya kama, shi bai ga ribar wannan nasara ba. Yanzu da gari ya san shi ba maci amana ba ne, ya yarda a warware cinikin bayan Salla, zai mai da tsohuwarsa gidan ɗansa. Ya ce in je in gaya wa Yaya. Ban san sa'ad da na isa bakin kogi ba, ko takalmi ban sa ba.

Na same shi yana sayar wa wani komarsa da gorunansa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce in yi wa Alhaji godiya, amma shi ba zai iya kwana a ɗakin Barakatu ba bayan ya yi ƙarya a kansa gaban Alƙur'ani. Ya ce garin ma ya fita ransa, duk inda ya gifta nuna shi ake yi. Nguru zai tafi, an ce akwai ruwa can. Na ce to ni fa? Ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Jiya Juma'a ya tashi. Ya bi gida gida ya yi sallama da maƙwabta, bai zo namu ba. Na je tasha na jira shi tun safe, cikin turereniyar shanu da mutanen kasuwa. Da ya iso na karɓi kayansa daga kansa, bai hana ni ba. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata ya huce. Na ɗauka har gindin mota, na miƙa sama aka ɗaure, na samo masa wuri kusa da gaba inda ba jijjiga. Na tsaya a ƙasa ina jiran ya ce wani abu, ko faɗa ne.

Da mota ta tashi sai ya sa hannu aljihu, ya ciro kwabo, ya miƙo mini ta tsakanin katakai, yadda ake sallamar ɗan dako. Idonsa cike da hawaye.

Na karɓa, Murja. Ban san dalilin da ya sa na karɓa ba. Ina ga don daga hannunsa ya fito.

In Inna ta samu ƙarfin da za a iya barinta da 'yan'uwanki su Talatu, ki roƙar mini Baba ya bar ki ki dawo kafin Salla. Ba na iya shan ruwa ni kaɗai a gidan nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki,
Haladu ƙanen Gwadabe.