Ni Na Sayar da Ƙuri'ar Garinmu, Baba Ummaru Ake Zagi

Assalamu alaikum Admin, da fatan an wuni lafiya. Don Allah a ɓoye sunana. Masu karatu kuma ku yi mini a hankali, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Rabah. Duk shekara bayan girbi ana gasar ƙwallon matasa tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo, kuma karɓa-karɓa ake yi wajen ɗaukar baƙuncinta. Bana tamu ce. Mutum bakwai ke tabbatar da garin, biyu daga kowane yanki sai shugaba. Ni da Baba Ummaru, dattijon da ya koya mini ƙwallo tun ina yawo ba takalmi, mu ke wakiltar Rabah. Saboda gasar nan Baba Ummaru ya bar gonarsa bai dasa albasa ba, aka yi gayya aka share ta ta zama fili. Mata sun fara tanadin abincin sayarwa, 'yan kabu-kabu har sun fara murna.

Ni ne fa a gidan kallon ƙwallo mai ɗaga murya in tsine wa manyan da ke karɓar kuɗi su miƙa gasar duniya ga ƙasar da ta fi biya. Ashe ni ba a taya ni ba ne kawai. Wani Alhaji mai neman takara a ɓangaren Goronyo yana son a yi gasar a garinsu kafin zaɓe. Ya tare ni a kasuwar Gandi, ya ja ni cikin motarsa, ya ɗora mini ambulan a cinya. Ya ce, "Wa za ya gane ka? Ƙwallon dabino guda na, ka jefa ka hito." Haka muke zaɓe: kowa ya shiga bayan tabarma shi kaɗai, ya jefa ƙwallon dabino a ƙwaryar garin da yake so. Na ce, "Alhaji, mutanena hwa?" Ya ce, "Baɗi ta dawo musu." Na karɓa. Injin ban-ruwa na saya, kuma har yau yana ƙarƙashin gado cikin kwalinsa, don in na fito da shi me zan ce wa mutane?

Da aka buɗe ƙwarya, huɗu da uku, mun faɗi. Nan take wakilan Wurno biyu suka dafa Alƙur'ani cewa mu suka zaɓa. Ke nan a cikin mu biyun Rabah ne wani ya juya baya. Ni babu wanda ya zarga, saboda na fi kowa kumfar baki a wurin, kunyar wannan ma kaɗai ta ishe ni. Sai wani ya tuna ya taɓa ganin Baba Ummaru a motar Alhajin, alhali rage masa hanya kawai aka yi daga Wurno. Shi ke nan. Yanzu in ya yi sallama a majalisa ba a amsawa. An daina kiransa ɗaurin aure. 'Yarsa ta dawo daga rijiya tana kuka, an ce mata ubanta ya sayar da gari. Mutumin da ya rasa albasar shekara guda saboda mu! Wane irin mutum ne ni? Ina cin abinci, ina bin sahun salla kusa da shi, ban ce uffan ba.

Mai gari ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mu biyu za mu rantse da Alƙur'ani a gaban jama'a. In na rantse na halaka kaina, kuma na san ko ya rantse ba za su yarda da shi ba. In na faɗi gaskiya, ina zan zauna da matata da 'ya'yana uku a garin nan? Mahaifiyata da wane ido za ta fita?

Jiya da la'asar ya same ni a gona. Ya rame, wallahi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, duk garinga kai ɗai ka gaishe ni yanzu. Ran Juma'a ka tsaya kusa gare ni, ƙahwahuna ba su ɗaukata." Na ce, "To, Baba."

Yau Laraba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?