Ɓangaren Rahel

Lahadi, 3 ga Maris, 1974

An raba mu. An daɗe ana cewa garin ya cika, maza sun shekara biyu suna gina sabo can arewacin Alberta, nan ƙasar Kanada. Haka mu Hutterite, Kiristoci manoma masu tarayya a komai, muka gada: in jama'a ta yi yawa a kasa ta biyu, rabi su tashi, rabi su zauna. Yau bayan sujada aka faɗi iyalan da za su bi kowane ɗaya cikin masu wa'azinmu biyu. Ni da mijina Darius muna wajen Kawu Zacharias. Rahel da nata mijin suna wajen Kawu Josua.

Rahel fa. Ƙanwata, ciki ɗaya. Rana ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare daga Montana ta Amurka, bango ne kawai tsakanin ɗakina da nata shekara talatin. Ba wanda ya tambaye mu, tunda mata ba sa ɗaga hannu a taro.

Talata, 5 ga Maris

Na ƙona burodin gari guda. Ni da nake shugabar madafa. Ba wadda ta yi gigin tanka mini.

Juma'a, 8 ga Maris

Na tare Darius a bakin ƙofa, na ce ya je ya roƙi dattawa a mayar da mu ɓangaren Kawu Josua tun ba a jefa ƙuri'ar ɓangaren da zai tashi ba. Ya ce, "Haba Justina, ki bari in cire takalmi mana." Ana raɗe-raɗin shi za a ba riƙon gona a ɓangarenmu, abin da ya tsufa yana jira. Na ce to ya rungumi gonar, ita za ta wanke masa riga. Na san ban kyauta ba. Gobe ma zan ƙara.

Alhamis, 14 ga Maris

Ya yarda. Ya dube ni ya ce, "Kin fi ciwon haƙori naci." Ran Asabar zai ga dattawa. Bawan Allah, har da murmushi, alhali na san abin da ya saki.

Juma'a, 15 ga Maris

Na sami Rahel a ɗakin wanki tana matse zannuwan gado, na faɗa mata da murnata cewa za mu koma ɓangarensu. Ta ci gaba da matsa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Yaya, kar ki zo."

Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce matan ɓangarensu ita suke so ta riƙe madafa, in na zo kuwa kowa ya san wa za a ba. "Shekarata hamsin, Yaya, har yau in na ɗauki ludayi sai na waiga in ga fuskarki." Ta ce tana sona, ta faɗa har sau biyu, tana kuka. Ni ban yi ba. Cewa na yi ta ƙara matse zanen nan, yana ɗiga.

Asabar, 16 ga Maris

Na ce wa Darius ya bar zancen. Bai tambayi dalili ba.

Laraba, 27 ga Maris

Kowa ya ɗaure kayansa, ɓangare biyun duka, don ba a san wanda zai tashi ba sai gobe. Dattawa sun ce haka ne ke hana wani ya ce an kore shi. Gidaje duk akwatuna, yara suna tsalle a kai kamar ranar biki. Ina jin Rahel ta bango tana jan gado. Da can da tuni na shiga na nuna mata yadda ake naɗe katifar gashin agwagwa. Na zauna a kan akwatina.

Alhamis, 28 ga Maris

Takarda biyu a cikin hula, aka yi addu'a, Kawu Josua ya sa hannu. Su ne masu tafiya. Kafin rana ta take an loda manyan motoci. Rahel ta rungume ni, na tsaya ƙiƙam kamar turke. Abin da ya fito daga bakina wai ta kula da ƙafarta, kar ta riƙa tsayuwa a kan siminti babu takalmi. Shi ke nan sallamar da na yi wa ƙanwata.

Muka koma muka kwance kayanmu.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Rabin teburan ɗakin cin abinci babu kowa. Har yanzu ina auna gari kamar muna nan duka.

Litinin, 13 ga Mayu

An sa wasu sababbin aure a ɗakin Rahel. Amaryar tana waƙa da safe, muryarta ba laifi. Na tsane ta ba gaira ba dalili, Ubangiji ya gafarta mini.

Lahadi, 23 ga Yuni

Mun kai musu ziyara, motar gari cike. Wurin fili fetal, ko bishiya ɗaya babu, iska kamar ta ɗauke mutum. Tun daga waje na jiyo dariyar wata mata a madafa, na ce wace ce wannan mai baki haka. Ashe Rahel ce. Ban taɓa sanin dariyarta tana da ƙarfi haka ba. Tana tsaye tsakiyar mata tana ba da umarni, wannan ta yanka, waccan ta juya, suna ta "To, Inna Rahel". Ta yi ƙiba ma.

Aka ba ni kujera, ni baƙuwa. Da ta gan ni sai dariyar ta tsaya. Ta ɗebo miyar taliya a cokali ta kawo mini, ta tara tafin hannu a ƙasa, matan duk suka zubo mana ido.

"Yaya, gishiri ya ji?"

Bai ji ba. Na ce ya ji.