Daga Lasifika Zuwa Buta

Lahadi, 4 ga Mayu

Yau an yi taron kwamitin da'awa bayan la'asar, a ajin islamiyya na bayan masallaci, mu mata a kan bencin yara har ƙafata ta sage. Liman ya ce ayyuka sun yi mana yawa, hannu kuma kaɗan, a zauna a ga wanda ya kamata a sa a gaba. Ni na ɗauka maganar gyaran motar fita wa'azi za a yi. Sai ga malamar makarantar nan, Mai Tabarau, ta ɗaga hannu kamar a aji. Wai tambaya gare ta: in mace ta rasu a unguwar nan yau, mata nawa ne suka iya yi mata wanka? Kowa ya san Inna ce kaɗai, tsohuwar lungun bayan famfo, ita ma da sanda take tafiya.

Liman ya ce wankan gawa nauyi ne a wuyan al'umma duka, in aka rasa mai yi kowa ya yi laifi. Ƙarshe aka yanke cewa fita ƙauyuka ta koma sau ɗaya a wata, kuma mace ɗaya cikin manya ta koya a wurin Inna, ba ita ba fita, tunda mutuwa ba ta sallama. Aka tambayi Inna wa take so. Ko waiwaye ba ta yi ba ta ce, "Tela."

Ni ke nan, mai shagon ɗinki. Ni da ke riƙe da lasifikar mata tun ba a sayi motar ba.

Aka ce to wa zai yi wa mata wa'azi in an fita? Matar Liman ta yi caraf ta ce ai ga Mai Tabarau. Ruwa ba ya tsami banza. Tambayar nan ba a ajin aka haife ta ba, goye aka zo da ita daga gida.

Litinin, 5 ga Mayu

Na gaya wa baban yara. Ya ce lada ne ya biyo ni har gida. Shi komai lada. Ko mamaki bai yi ba, don haka ina zargin Liman ya riga ya ja shi gefe bayan asuba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Inna ta zo shago da kanta, ta sa na rufe ƙofa da rana tsaka ina tsakiyar ɗinkin mutane. Ta ce in ɗauko mutum-mutumin da nake sa wa riga a ƙofa. Muka kwantar da shi a teburin yanka, muka rufe da wani ragowar yadi. Da ya kamata in yi dariya, amma fuskarta ba ta ba da hanya ba.

Zanen rufi ba a ɗaga shi, hannu ke aiki a ƙarƙashi, ido yana gefe. A naɗe hannun da ƙyalle. Alwala tukuna, sannan dama kafin hagu. Ruwa kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, kamar na jariri. Ganyen magarya a farko, kafur a na ƙarshe. Gashi a tufke gida uku a mayar baya. Na juya abin da ƙarfi, ta make min hannu, wai haka zan so a juya ni?

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mai wanka ba ta da baki, 'yata. Abin da kika gani, da shi za a binne ki."

Nan biri ya yi kama da mutum. Bakina ake so a rufe. Tun ranar da na faɗa a gaban jama'a cewa tabarmin ɓangaren mata sun ruɓe alhali ana ta ƙara fanka a na maza, matar Liman take gaishe ni da haƙora.

Asabar, 10 ga Mayu

Motar wa'azi ta bi ta ƙofar shagona, direba har da danna oda. Akwai hanya ta bayan kasuwa, ta ma fi kusa.

Laraba, 14 ga Mayu

Wata da aka fita da ita ta kawo gyaran siket. Ban tambaye ta ba, na dai ce yaya hanya. Ta ce Mai Tabarau ilimi kam akwai, sai dai murya kamar ta sauro, kafin ta kai rabi mata sun zame sun koma kan tukwanensu. Na ce Allah ya ƙara basira.

Ban yi murna ba. Kaɗan dai.

Talata, 20 ga Mayu

Gawata ta farko. Wata tsohuwa a layin makanikai. Ɗakin ƙarami, sai da aka jingine gado da bango kafin muka sami wurin tsugunnawa. Bokitai biyu, buta, ƙamshin kafur har cikin maƙogwaro.

Inna ta ɗauki buta, hannunta ya hau rawa, butar ta suɓuce. Ta ce in karɓa. Tun daga nan da baki kawai ta yi aiki, ni na yi komai. Ina da shakka a kan rawar hannun nan. Da muka fito na ga mata cike da tsakar gida, na gyara murya zan ɗan tunatar da su mutuwa, sai na ji mintsini a cinya. Hannun da ya mintsine ni ba ya rawa ko kaɗan.

A hanya Inna ta ce wa'azin da ke kwance a ɗakin ya ishe su.

Baban yara ya tambaye ni yaya aka yi. Na buɗe baki, na rufe. Ya kalle ni kamar an sauya masa mata.

Lahadi, 25 ga Mayu

Matar Liman ta zo awo. Ina zagaya ta da tef ta sassauta murya, wai ta ji marigayiyar layin makanikai tana da wani ciwo a jiki da danginta suka ɓoye, gaskiya ne? Na ce, "Ɗaga hannu in auna."

Ko turo ta aka yi a gwada ni, ko gulmar ce ta kanta. Kowanne ne, ta koma da awonta kaɗai.

Talata, 3 ga Yuni

Yau ban so rubutu ba.

An aiko daga gidajen haya na bayan tasha. Inna ba ta iya tashi ba, ƙafa ta kumbura, na tafi ni kaɗai, wata maƙwabciya ta zuba min ruwa. Marigayiyar ba ta tsufa ba. Musulunta ta yi bara, daga baya ta dawo gari tana wankau. A ƙofar ɗaki yayarta ce tsaye, ba musulma ba ce, ido ya yi jajur. Ta ce ta san ni. Wai a ƙauyensu, a wa'azina ƙanwarta ta karɓi kalmar shahada, ni na rungume ta mata suna kabbara.

Ta ce, "Tun ranar da kuka yi mata kabbara, sai yau na sake ganin ɗayanku."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗa ne da na sami abin cewa. Na duba fuskar gawar da kyau, wallahi ban gane ta ba. To mutum nawa zan riƙe? Aikina in yi kira, bin sawu ai na kwamiti ne. Haka na yi ta gaya wa kaina a hanya, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Yayar ta roƙi a bar ta ta tufke mata gashi. Ban san hukuncin ba. Na riƙe zanen, na bar ta. Sauran ba na rubutawa ba ne.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na je duba Inna, na kai mata man zafi. Na zauna a bakin katifa na tambaye ta kai tsaye, tsakaninta da Allah, wa ya sa ta ambaci sunana a taro? Ta yi dariya har da tari. Ta ce babu wanda ya isa ya sa ta, ko Liman da ta san ranar sunansa.

Ta ce ta daɗe tana kallona. Wai surutuna ya ishi unguwa, amma duk matan nan ni ke auna su, ni ke fara sanin mai ciki da wadda ta rame da mai tabo a baya, kuma ba ta taɓa jin awon wata a bakina ba.

Daɗin baki ne na tsofaffi. Da haka suke ɗora wa mutum kaya ya ɗauka yana godiya.

Talata, 10 ga Yuni

Mai Tabarau ta zo shago da lasifika a cikin jaka, ta durƙusa har ƙasa. "Mama, ki karɓi kayanki. Matan can ke suke tambaya." Wai ta roƙi kwamiti, an yarda in fita ranar Asabar, in ma na so in ci gaba da fita, tunda na riga na iya wankan.

Na ce ita da ta ƙulla abin, me ya sa take kwancewa? Ta cire tabarau tana gogewa da gefen hijabi. Ta ce ba lasifika ta nema ba, tsoronta ma take ji. Ranar da mahaifiyarta ta rasu a wani gari, sai da aka kai la'asar ana yawon neman mai wanka, ita tana zaune da digirinta ba ta san ta inda ake farawa ba. Abin da ya sa ta yi tambayar ke nan.

Hawayen kamar na gaske. Amma in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Wataƙila so suke in fita, a yi rasuwa ba na nan, a ce ga wadda ta fifita lasifika a kan gawar 'yar'uwarta.

Na karɓa dai. Na sa sabon batir, na gwada a ɗaki. Muryata tana nan daram.

Alhamis, 12 ga Yuni

Inna ta rame sosai. Na gaya mata zan fita jibi, ina jira ta hana ni in sami abin faɗa. Ba ta hana ba. Ta ce in je, kira ma aikin Allah ne. Ta juya fuska bango, na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji ta ce ita ba tafiyar take tsoro ba.

"Na rufa wa matan unguwar nan asiri kaf. Ina dai so in san hannun da zai juya ni."

Da ta ce kada in je, da ya fi min sauƙi. Tsohuwar nan ta san kan tsiya.

Asabar, 14 ga Yuni

Na goge hijabi, na sa takalmi. Mota ta tsaya a ƙofa. Na miƙa wa Mai Tabarau lasifika ta taga, na ce ciwon baya ya tashi. Na ce ta ajiye takardar da take karanto wa'azi a ciki ta kalli mata a ido, ta fara da tambayarsu yara.

Na wuce gidan Inna da zuciya a hannu. Na tarar da ita zaune a tsakar gida tana shan shayi da burodi, tana yi wa jikarta faɗa a kan shara. Lafiya lau! Har da tambayata wai ban tafi ba? Na rantse na ga dariya a gefen bakinta.

Babu wanda ya mutu a unguwar nan yau, ko kaza. An yi min sakiyar da ba ruwa, kuma ni na miƙa wuya.

Laraba, 25 ga Yuni

Inna ta rasu da hantsi. Ni na wanke ta. Na juya ta a hankali.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na manta ban rubuta ba: Mai Tabarau ce ta zuba min ruwa. Daga makaranta ta taho da alli a hannu, ba wanda ya kira ta. Ta jiƙa min zane, ta kusa zubar da ruwan kafur, amma ba ta ɗaga ido ba ko sau ɗaya, ba ta kuma ce uffan ba har muka fito.

Ina kewar tsohuwar nan, har mintsininta.

Lahadi, 6 ga Yuli

Taron kwamiti. Liman ya ce lasifika tawa ce duk ranar da na so. Matar Liman ta fi kowa gyaɗa kai, abin da ya sa na ƙara taka-tsantsan. Na ce a bar wa yarinyar tukuna, aro na ba ta. In na fita wa zai zauna? Na kuma ce duk wadda ta karɓi shahada a hannunmu a haɗa ta da mace ɗaya da za ta riƙa leƙa ta, in ba haka ba a daina yi wa mutane kabbara ana watsewa. Ban ce don me ba.

Da aka tashi na tare Mai Tabarau a bakin ƙofa, na ce ta zo shago ranar Alhamis bayan makaranta, ta taho da ƙawarta ɗaya mai riƙe baki. Ba wai na yarda da ita ba ne. Gara tana kusa ina sa mata ido.

Ta ce, "Mama, ai ke kin iya, kuma da sauranki. Saurin me ake yi?"

Na ce ta daina yawan tambaya, tambayarta ce ta jawo mana duk wannan. Ta ci gaba da kallona ta saman tabarau, ba ta da niyyar tafiya.

Na ce, "'Ya'yana duk maza ne. Ni wa zai juya ni?"

Can ta tambaya ko ta taho da buta, na ce akwai a shago.