Sunaye Uku a Baƙin Allo

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko a gabanka ba na iya haɗa kalma biyu. Da fatan kana lafiya, kai da yaran shagon gyara.

Maganar tsohuwar kwamfutar da ka ba mu ce. Malaminmu ya ce kowa ya goge filashinsa ta baƙin allon da ake buga umarni, ya kawo ranar Litinin. Ya ce sunan filashi sdb. Na soka nawa, na buga lsblk don in ga ma'ajiyoyin da ke jone, sai sunaye uku suka fito: sda, sdb, sdc. Ni kuwa ɗaya na soka. Na rubuta umarnin goge sdb har ƙarshe, amma yatsana ya ƙi danna Enta.

Da Yaya zan tambaya, to ba ya taɓuwa. Filashin da aikinsa na gama jami'a yake ciki ya ɓace, kuma ba shi da kwafi. An ɗaga katifu, an zazzage aljihuna, har Auta an sa ya buɗe baki.

In danna?

'Yarka mai biyayya.

*

Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da baki, a alƙalami kika ɓoye shi.

Kada ki danna. Sunayen nan layin famfo ne, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Malaminku kwamfutarsa yake kallo, ba taku ba. Shi sda na cikin cikin kwamfutar taku ne, ki bar shi. Zare naki, ki sake buga lsblk. Sunan da ya ɓace, shi ne naki. In wani ya rage, kwamfuta dai ba ta ganin aljanu. Leƙa bayanta, can ma akwai ramuka.

Ki gaishe da yayata, ki ce ta daina lulluɓe na'urar kamar mai zazzaɓi.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na zare nawa, sdc ne ya ɓace. Shi sdb ko gezau.

Na ja tebur, na ɗaga mayafin da Inna ke rufe kwamfutar da shi. Ga filashin Yaya a soke a baya. Da ya gan shi sai ya zauna a ƙasa. Can ya tuna shi da kansa ya sa shi a wurin, wai don kada hannun Auta ya kai. Auta ya ce shi sai an ba shi haƙuri a gaban kowa, kuma an ba shi. Inna ta ce mayafinta yana nan daram.

Yaya ya ga umarnin da na bari a allo. Ya ce, "Wa ya hana ki dannawa?" Na ce tsoro. Ya ce kada in kuskura in warke.

Na goge nawa, shi kaɗai a jone, bayan na sake duba sunansa.

Kawu, ina da wata tambayar. In ba zan dame ka ba, ko ka yarda in sake rubutowa?

Taka,
Shiru-shiru.