Ta Zana Maƙwabciya A Waƙar Uwa

Anti Zainaba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin raina ya ƙi kwanciya.

Ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta kamar yadda muka gada, mai zane ce. Ban taɓa son sana'ar ba, kuma ban ɓoye mata ba. Wani malamin makaranta ya rubuta littafin waƙoƙi, duk na mutuwa da kewa da hawaye, abin da ni a wurina ƙarancin tawakkali ne. Ya ba ta aikin zana wa kowace waƙa hoto, da baƙar tawada zalla. Da aka buga, ta kawo mini guda ta ajiye a ɗakina, ta fita.

Akwai waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu. Ina buɗe shafin sai na ga mace ta ba da baya, zaune gaban keken ɗinki, kafaɗar hagu a karkace, duhu ya cinye rabin ɗakin. Babu fuska, amma duk unguwarmu ta Minanata babu wanda ba zai gane Monica ba, maƙwabciyarmu da ta mutu bara. Ita ta fara saya wa yarinyar fensir mai launi. Gidanta take wuni tun tana firamare, can ake jin dariyarta.

Ban ƙi Monica ba. Shekara ashirin muna zaman lafiya, har gaisuwar mutuwarta na je. Amma ni na yi naƙuda, ni na yi jinyar ƙyanda, ni na tsaya mata kan salla da karatu. A ce waƙar uwa, amma uwar da ta faɗo mata a rai ba ni ba ce? Na bi hotunan nan goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, ko bakin mayafina babu. 'Ya'yan yanzu mai wasa da su suke tunawa, ba mai tarbiyyarsu ba.

Asabar za a ƙaddamar da littafin, ta aiko ƙanenta ya ce an ware mini kujera a gaba. Na yanke ba zan je ba, kuma ina tunanin ita ma in hana ta. Ina jin kunyar kishi da wadda ke kabari, amma ga shi ina yi.

Wata uwa, Sakkwato

Amsa:

Wa'alaikissalam, 'yar'uwa. Ciwonki gaskiya ne, kuma ya kamata ɗiyarki ta shirya ki kafin ta ajiye miki littafin. Nan ta yi kuskure.

Amma ki sake karanta waƙar. Ta rashi ce, ba ta yabo ba. Mai zane idan aka ba ta baƙin cikin wani, nata take lalubowa ta zuba a takarda. Rashin da ta sani shi ne na Monica. Naki ba ta ɗanɗana ba, Allah ya ja da ranki. Da ke ta zaunar a cikin duhun nan, da yanzu wasiƙarki cewa take yi tana miki fatan mutuwa.

Sannan alkunyar da kika rene ta da ita ba ke kaɗai ta ɗaure ba. Yarinyar da ba ki taɓa kiran sunanta ba, da wace fuska za ta baza siffarki a gari?

Kada ki hana ta. Idan kika yi, littafin zai ci gaba da yawo, ita kuwa za ta daina kawo miki abin da ta yi. Ki je, ki zauna a kujerarki. In kun dawo, ki zaɓi hoto ɗaya ki ce ta bayyana miki shi, ki saurara ba tare da wa'azi ba. Idan bakinki ya yi nauyi, ki sa gwaggonta ta gaya mata kin ji daɗin aikin.

Allah ya sanyaya miki, ya yi mata albarka, ya daɗe bai ba ta dalilin zana ki a irin wannan shafi ba.