Na Yafe Ƙafar Da Ba Tawa Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana gaba ɗaya, ko harafin farko kar a saka, don ko a haka ma gabana faɗuwa yake kar wani ɗan garinmu ya gane ni. Don Allah kar ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe. Zagi kam babu wanda za ku yi min da ban riga na yi wa kaina ba, shawara na zo nema.

Ni dillalin shanu ne a karar Maigatari. Duk wanda ya san kasuwarmu ta Alhamis ya san rabin abincinmu daga tsallaken iyaka yake zuwa. Fataken Nijar su sauka a wurina, in sayar musu, in ci la'ada. A cikinsu akwai wani Alhaji mutumin Damagaram, shekara da shekaru ni ne mai masaukinsa, kuma ta dalilinsa sauran fataken suka san ni. Yana da babbar mota tasa ta kansa mai jigilar dabbobi. Ina kuma da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Sale ko da yake ba sunansa ba ne. Acaba yake yi tsakanin bakin iyaka da cikin gari, yana da mata da yara uku. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ne babba, duk abin da ya taso ni ke magana da yawun gida.

Wata Alhamis a bara, da hantsi, muna tsaye ana sauke shanu, direban Alhaji ya zo ya ce burki na yi masa gardama tun a hanya, sai ya taka sau biyu sau uku kafin ya kama. Alhaji ya ce a lallaɓa, idan an koma gida a gyara. Da kunnena na ji, har na yi dariya na ce ai motar Alhaji da addu'a take tafiya. Bayan azahar aka zo a guje aka ce motar ta kwashe wani ɗan acaba a kwanar fita kasuwa. Kun san abin da ya fara zuwa raina? Ba cewa na yi Allah ya sa mutumin yana da rai ba. Cewa na yi Allah ya sa kar a riƙe motar. Da wannan addu'ar a bakina na isa wurin, sai na ga babur ɗin a murɗe a ƙarƙashin taya, da jan ƙyallen da Sale ke ɗaurawa a madubi.

An kai shi asibiti a Gumel. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata ya fito, likita ya ce sai an yi aiki. An yi masa allura, bai san inda kansa yake ba, ko sunansa aka kira ba ya amsawa. A nan Alhaji ya ja ni gefe gindin bishiya. Bai yi min barazana ba, bai miƙo min komai ba, da ya yi haka da yau ina da wanda zan ɗora wa laifi. Hannuna kawai ya riƙe ya ce, "Malam, mu da ku ai gida ɗaya ne. In aka shiga maganar asirans za a duba mota, za a ga burki, mota ta yi watanni a hannun hukuma, direba ya tafi gidan kaso. Ka duba zumunci." Asirans ɗin da yake nufi ita ce inshora. Motocin da ke tsallaka iyaka suna yawo da takardar da ke biyan wanda suka ji wa rauni, ko a wace ƙasa abin ya faru. Ban san zurfinta ba a lokacin, amma na san da ita, kar in ƙara muku wata ƙaryar.

A wurinmu idan irin wannan ta faru hanyar a bayyane take. A zauna, a ce ƙaddara ce, babban gida ya ce mun yafe, mai mota ya ɗauki nauyin magani, a shafa fatiha kowa ya watse. Wanda ya tsaya sai an biya shi diyya kuwa, kallon mai cinikin jini ake yi masa. Da wannan al'adar na fake. Ni da Alhaji muka je ofishin 'yan sanda na ce mun yafe. Jami'in da ke rubutu ya ɗago kai ya tambaye ni ko shi mai raunin ya yarda. Na ce da bakinsa ya faɗa. Ya sake tambaya, ya ce in yi tunani, wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Na ce ni ne yayansa, ina tsaye a kansa ya ce ya yafe duniya da lahira. Na sa hannu. Kafin magariba motar ta tsallaka iyaka da burkinta yadda yake, shi kuwa wanda na ce ya yi magana ko ido bai buɗe ba.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma na san muddin yana asibiti akwai takardar likita, kuma wata rana wani zai iya ɗaukarta ya tayar da magana. Sai na zauna na shawo kan Inna mahaifiyarmu da matar Sale cewa mutanen asibiti ba su iya komai ba sai yanke ƙafa, gara ɗorin gida. Na ɗauke shi na kai shi wurin wani tsohon maɗori a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar. Tsohon nan, Allah ya saka masa da alheri, yana kwance ɗaurin ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Karayar da ta fasa fata ta asibiti ce, ku mayar da shi." Ni na matsa masa, na ce mun dogara ga Allah, na yi ta yi masa daɗin baki har ya ɗora don kunyata. Ba a yi mako biyu ba ɗakin ya fara wari. Warin nan har yau yana cikin hancina. Da muka kai shi Kano sai suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, abin da na tsorata su Inna da shi ni na jawo shi da hannuna.

Bayan ya dawo gida ya ɗan samu ƙarfi, ya tambaye ni yadda aka ƙare da mai motar. Me zan ce masa? Na ce ai kai ka yafe, a gadon asibiti, ina tsaye. Ya ce bai tuna ba. Sai hawaye suka zubo masa, ya ce alhamdulillahi da Allah ya sa ko ba ya cikin hayyacinsa alheri ne ya fito daga bakinsa. Jama'a, wane irin mutum ne zai ji wannan ya iya haɗiye tuwo? Ni na haɗiye, har da ƙari.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne yabon. A kara ana nuna ni ana cewa gidan su wane gidan haƙuri ne, an raba ɗansu da ƙafa ko ƙara ba su kai ba. Fatake suka ƙaru a wurina, wai ni mutum ne mai riƙon amana. Da Babbar Sallah Alhaji ya aiko min da rago, ƙato, irin na Nijar mai dogayen ƙafafu. Na karɓa na yi godiya, na yi layya da shi, na cire cinya guda na aika gidan Sale. Yaransa suka zo da kwano suna cewa Baba ya ce a gode, Allah ya ƙara buɗi. Wace layya ce wannan? Motar kuma tana nan, duk Alhamis sai ta shigo, direban ya ɗaga min hannu ni ma in ɗaga masa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Matar Sale tana da 'yar'uwa lauya, ta zo dubiya makon jiya, ta ga halin da gidan yake ciki. Mutumin da ke fita tun asuba yanzu yana zaune a ƙofar gida yana sayar da fetur a kwalba, matarsa ta sayar da gadonta, babbar 'yarsa ta daina zuwa makaranta. Lauyar ta nemi a kira ni. A gabana ta ce takardar da na sa wa hannu ba ta ɗaure Sale ba matuƙar ba shi ya yafe da kansa ba, kuma inshorar motar za ta iya biyan abin da zai sa ƙafar roba ya kama sana'a ta gaske. Ta ce irin wannan neman haƙƙi yana da wa'adi, ba a jan ƙafa. Sale ya ce a'a. Ya ce abin da ya riga ya bar wa Allah da bakinsa ba zai koma ya karɓa ba, ko da yunwa za ta kashe shi. Sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Yaya, kana wurin da ya faɗa?" Kafin in buɗe baki Sale ya tare ta, ransa a ɓace, ya ce, "Haba Anti, Yaya ne fa. Shi ya riƙe ni tun ina yaro, zai yi min ƙarya ne?" Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce ina wurin.

Ba ta yarda da ni ba, na gani a fuskarta. Ta ce za ta dawo ranar Juma'a kafin ta koma bakin aiki, idan maganar tana nan yadda take za ta rufe bakinta har abada. Na je wurin wani malami na ba shi labarin kamar na wani ne, bai ko bari na ƙarasa ba ya ce haƙƙin rauni na mai raunin ne, uba ma bai isa ya yafe a madadinsa ba, balle yayansa.

Na san abin da zai biyo baya idan na faɗi gaskiya. Zan koma gaban hukuma in ce ƙarya na sa wa hannu, a tambaye ni maganar burki in ce na ji. Alhaji zai bar ni, fatake su bi shi, don a kara labari ba ya kwana, kuma da wannan la'adar nake ciyar da gidana da Inna. Inna za ta san wanda ya fitar da ɗanta daga asibiti da dalilin fitar da shi. Duk wannan zan iya runtse ido in ɗauka. Wanda na kasa shi ne in zauna a gaban Sale in ce masa alherin nan da yake taƙama da shi, wanda shi kaɗai ya rage yana sanyaya masa rai idan ya kalli dungulmin ƙafarsa, ni na ƙirƙira shi don motar wani ta kwana a gida. Idan kuma na yi shiru, ya rasa haƙƙinsa ke nan, ya ƙare rayuwarsa a bakin kwalaben fetur yana sa min albarka.

Jiya da la'asar na bi ta ƙofar gidansa, na so in wuce da sauri. Yana hango ni ya lalubo sandarsa, ya dafa bango, ya miƙe da ƙafa ɗaya, don tun yana yaro bai taɓa gaishe ni a zaune ba. Na ce ya zauna, ya ƙi.

Jibi ne Juma'ar. Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?